Jatanlande Mai Haƙa Rami: Yadda Ake Gane Dabba Daga Hannunta Kawai

Ɗalibin da ya fita neman burbushin dabbobin teku a duwatsun Faskari ko Ƙanƙara zai dawo hannu rabbana. Duwatsun wannan yanki tsofaffi ne ƙwarai, sun haura shekara miliyan 500, kuma zafi da matsi na cikin ƙasa ne suka samar da su, saboda haka ba su adana gawar komai ba. A ƙasar Sakkwato labarin ya bambanta. Kimanin shekara miliyan 60 da suka wuce teku ya rufe wurin, shi ya sa har yau ake tsintar ɓawon dabbobin ruwa a farar ƙasar Kalambaina, wadda ake yin siminti da ita. A irin wannan shimfiɗa ta tsohon teku ne masana ke neman wani jatanlande da Turawa suka laƙaba wa sunan fatalwa, saboda fari ne fat kuma ba kasafai yake fitowa daga raminsa ba.

Wannan dabba tana haƙa rami mai rassa a cikin yashi ko laka, wani lokaci zurfinsa ya kai mita biyu. Jikinta laushi gare shi, da ta mutu sai ya ruɓe. Abin da ke saura shi ne hannayenta biyu na gaba masu kama da awartakin maƙeri, domin su ne masu tauri. Ke nan da hannu guda ake ƙoƙarin sanin sunan dabbar da danginta da girmanta.

A nan ne matsala take. Tun da Leach ya raɗa sunan Callianassa a 1814, masana da yawa suka riƙa jefa kusan duk hannun da suka tono a ƙarƙashin wannan suna, kamar yadda ake zuba tarkace a buhu ɗaya. Sai a 1991 Manning da Felder suka sake tsara dangin, suka nuna cewa siffar hannu ma tana taimakawa wajen rarrabe jinsuna.

Sha'anin girman jiki ya fi wuya. Mai bincike yakan auna tsawon hannun da faɗinsa, ya kwatanta da na jatanlanden da ke raye, sannan ya ƙiyasta tsawon dabbar. Amma hannu ɗaya ya fi ɗayan girma, na namiji yawanci ya fi na mace, kuma siffarsa tana canzawa yayin da dabbar ke girma. Wanda ya yi gaggawa zai iya ɗaukar hannun uba da na ɗa ya ba su sunaye biyu daban. Don haka ne ake tara hannaye masu yawa daga wuri guda, a jera su daga ƙarami zuwa babba, kafin a ce an gano sabon jinsi.