Kaluluwa a Matse-matsi: A Fara Duba Ƙafa

Yaro ya dawo daga ƙwallo yana ɗingishi, ya ce matse-matsinsa na ciwo. Kakarsa ko taɓa wurin ba ta yi ba, sai ta ce ya miƙo ƙafa. Ga tuntuɓen shekaranjiya nan a babban yatsa, har ya fara ruwa. "Kaluluwa ce," in ji ta. Likita ma daga nan zai fara.

A jikin mutum akwai 'yan ƙulle-ƙulle kusan 600, galibinsu ba su wuce ƙwayar wake ba, aikinsu tace ƙwayoyin cuta. Na matse-matsi su ke gadin ƙafafu, da al'aura, da fatar ƙasan cibiya. Saboda haka ƙaya, ko faso, ko gyambo, ko ƙurjin aski, duk suna iya tayar da su. Ga baligai kuma sai a yi tunanin cututtukan sanyi irin su tunjere, abin da kunya ke sa a ɓoye wa likita har ya yi nisa. Tarin fuka da ƙanjamau, da tsutsar tundurmi da sauro ke yaɗawa, su ma suna kawo kaluluwa. Yara kuwa akwai wadda ke kumbura musu can cikin ciki, ta jawo ciwon mara a dama, har a zaci afendis ne.

Magani na bin sanadi. A wanke miki a ɗaure, a gasa kumburin da ruwan ɗumi, a sha farasitamol. Maganin kashe ƙwayoyin cuta sai likita ya rubuta. Na tarin fuka wata 6 ake sha. Abin da ba na so ko a labari shi ne sakiya: babbar jijiyar jinin cinya na nan daf da wurin.

Wani abin mamaki, kaluluwa mai zafi ta fi sauƙi. Wadda ba ta ciwo, ta yi tauri kamar tsakuwa, ba ta motsi, ta haura mako 2 tana ƙaruwa, ga rama ga gumin dare, wannan a garzaya asibiti, domin sankara kan fara haka. Idan kuwa kumburin na ɓullowa da tari, ya koma in an kwanta, wataƙila ƙaba ce, aikinta na likitan tiyata ne.