Idan Wa'adi Ya Wuce: Ikon Alƙali na Karɓar Kariyar da Ta Makara



Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne halin da mutum ke shiga idan aka kai shi ƙara a kan bashi, ko fili, ko saɓa yarjejeniya, sa'an nan ya bari wa'adin shigar da takardar kare kansa ya wuce. Shin shi ke nan an kā da shi, ko kuwa akwai sauran magana?

Kowace babbar kotu tana da dokokin aikinta, waɗanda suka yanka wa wanda ake ƙara kwanakin da zai mayar da amsa a rubuce. Alal misali, dokokin Babbar Kotun Jihar Legas na 2004 sun ba shi kwana 42. A Ingila kuwa, dokokin da suka fara aiki a 1999 kwana 14 suka ba shi, ko 28 idan ya fara shaida wa kotu cewa takardun sun iso shi. In wa'adi ya cika bai ce uffan ba, mai ƙara yana iya neman a yanke hukunci a bayan idonsa. Amma waɗannan dokoki kuma sun bar wa alƙali ikon ƙara wa'adi, har ma da soke hukuncin da aka yi a bayan ido.

Masu fassara sun saba kiran wannan iko "ganin damar alƙali". A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin fassarar ta gaza. A Hausa, wanda ya ga dama ba a tambayarsa dalili, alhali shi alƙali tilas ya faɗi dalilinsa, kuma kotun da ke bisansa tana iya rushe abin da ya yi idan ya kauce wa ƙa'ida. Kalmar da ta fi kusa ita ce ta malamanmu na fiƙihu, watau "ijtihadi". Ibn Asim, alƙalin Garnaɗa wanda ya rasu a 1426, ya nuna a littafinsa Tuhfa cewa yanka ajali ga masu husuma an bar shi ga ijtihadin alƙali, kuma alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da wannan littafi.

To, me alƙali yake aunawa? Haƙƙoƙi biyu ne ke gabansa. Na farko haƙƙin wanda ake ƙara na a saurare shi, domin ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar da wannan, kamar yadda sashe na 33 na Tsarin Mulkin 1979 ya yi. A 1937, cikin shari'ar Evans da Bartlam, kotun ƙarshe ta Ingila ta tsai da cewa hukuncin da aka samu don kawai wani ya kasa bin ƙa'idar kotu, ba don an auna gaskiyar magana ba, kotu tana da ikon warware shi. Na biyu kuwa haƙƙin mai ƙara ne, wanda ya cika sharuɗɗa a kan kari, bai kuwa kamata a bar shi yana jiran gawon shanu ba.

Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta fayyace ma'aunin a 1982, cikin shari'ar Williams da Hope Rising, ta bakin Mai Shari'a Idigbe. Alƙali zai duba dalilin da ya hana mutum zuwa, da tsawon jinkirin da ya yi kafin ya nemi gyara, da cutar da za ta sami abokin shari'arsa, da ko kariyar tasa tana da makama, da kuma halin da ya nuna tun farkon ƙarar. Duk wannan a takardar rantsuwa ake bayyana shi, ba da fatar baki ba. Wanda ya kwanta asibiti, ya kawo shaidar likita, ya kuma haɗo da takardar kariyarsa, ba ɗaya yake da wanda ya karɓi sammaci ya jefa a aljihun tebur ba. Kotuna sukan yi sassauci idan sakacin na lauya ne, amma ba su ɗauke wa mai shari'a nauyin bin sawun ƙararsa ba. Sassaucin kuma ba kyauta ba ne: a Legas dokokin 2004 sun sa tarar naira 200 a kan kowace ranar latti, na 2019 suka mai da ita naira 1,000.

A nan zan ja hankalin ma'aikatan gwamnati. Takardar kotu takan iso ofis, a sa ta cikin fayil, fayil ya yi ta yawo daga tebur zuwa tebur, kafin ya kai ga lauyan gwamnati wa'adi ya wuce. Cewa "fayil ya ɓata" dalili ne mai rauni a gaban alƙali, kuma in aka yi hukunci, dukiyar jama'a ce za ta biya. Saboda haka ranar da takarda ta iso, a rubuta kwanan wata a kanta, a miƙa ta ga lauya a ranar. In an riga an makara, a garzaya kotu nan da nan, a faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Wanda ya zo cikin wa'adi haƙƙinsa ne a saurare shi. Wanda ya makara kuwa roƙo yake yi, ana iya karɓa, ana iya ƙi.