Lasifikar elektrostatik: za ta iya zama da ƙurar Yauri?

A duniyar masu sauraron kiɗa a gida, akwai wata irin lasifika da ake yi wa kallon sarauniya. Sunanta elektrostatik. Tsaye take kamar ƙyauren ɗaki, ba ta da kauri, wasu ma ana hango abin da ke bayansu ta cikinsu. Sabuwa mafi araha ta haura miliyan guda na sefa, manyan kuwa suna kai gomman miliyoyi. Tsofaffinta kan faɗo cikin kayan gwanjo, ko wani ɗan uwa da ke Turai ya yi tayin aikowa. Kafin mutumin Yauri, a ƙasar Matamaye cikin jihar Damagaram, ya ce a turo, ya kamata ya san abu guda: dabarar da ta sa sautinta ya yi tsabta ita ce kuma ta sa take jan ƙura.

Yadda take aiki

Lasifikar da muka saba gani a rediyo, mota da gidan biki tana da maganaɗisu, da naɗin waya, da wani mazurari na takarda da ke kai da komo yana tura iska. Chester Rice da Edward Kellogg na kamfanin General Electric a Amurka ne suka fito da wannan tsari a 1925. Mazurarin yana da nauyi, don haka ba ya tashi nan take, ba ya kuma tsayawa nan take, abin da kan ɗan gurɓata sauti.

Elektrostatik ba ta da maganaɗisu. Abin da ke cikinta wata leda ce mai suna Mylar, wadda kaurinta bai wuce mikron 12 ba a galibin samfura, alhali silin gashin mutum kan kai mikron 70. Ana ɗaure ledar tamau kamar fatar ganga tsakanin faranti biyu masu huji irin na rariya, sannan a ɗora mata cajin lantarki na bolt dubbai. Idan kiɗa ya shigo, wata taransifoma na ɗaga ƙarfinsa ta aika wa farantan biyu: ɗaya ya ja ledar, ɗaya ya tura ta, su riƙa musanyawa daidai da sautin.

Duk wanda ya taɓa goga biro a gashinsa ya ɗauki guntun takarda da shi, ko ya cire rigar roba cikin hunturu ya ji tana ƙyas-ƙyas, ya san irin wannan ƙarfi. Da yake ledar kusan ba ta da nauyi, kuma dukkan faɗinta ake turawa lokaci guda, tana bin sauti sau da ƙafa.

Peter Walker na kamfanin Quad a Ingila ne ya shigar da ita gidaje da samfurin da ya fito a 1957, aka bi shi da ESL-63 a 1981. A Amurka, kamfanin MartinLogan na garin Lawrence a jihar Kansas ya yi suna da farantai masu lanƙwasa, yayin da Stax na Japan ya ƙware a na sawa a kunne.

Abin da kunne zai samu, da wanda zai rasa

Ƙarfinta yana wajen muryar mutum da kayan kiɗa masu tsirkiya. Kuntigin Ɗanmaraya Jos, ko biram mai tsirkiya biyar na marigayi Mamman Barka, su ne irin abincinta: ana jin taɓin yatsa, ana jin inda mawaƙi ya ja numfashi. Amma ba ta rufa wa kowa asiri. Waƙar da aka kwafo daga tsohon kaset, aka matse ta, ta yi ta yawo daga waya zuwa waya, za ta fito da duk shuuu ɗinta.

Rauninta yana wajen amo mai kauri, irin na tambari da babbar ganga. Ledar na fitar da sauti gaba da baya a lokaci guda, kuma a ƙananan amo na bayan kan zagayo ya kashe na gaban. Shi ya sa samfura da yawa ke haɗa ta da lasifika ta gargajiya a gindi.

Wannan sauti na baya ya sa ba a jingina ta da bango. Tana son tazarar kusan mita guda a bayanta, ga kuma guda biyu ake ajiyewa. A ɗakin mita huɗu bisa huɗu mai gado da kabad, wurin ya ƙare. Sannan sautinta kan tafi a miƙe kamar hasken tocila: wanda ya zauna a tsakiya shi ke jin daɗin, na gefe sai saura. Mu kuwa a nan, sauraro na taro ne, a fada ko ƙofar gida ana dafa shayi. Wannan lasifika ta mutum ɗaya ce a kujera ɗaya.

Hunturu ya zuba, damina ta jiƙa

Daga Nuwamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas na ɗauko ƙura mai laushi daga Sahara, musamman kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta baza ta a kudancin Nijar da arewacin Najeriya. Ledar da ke ɗauke da caji tana jan wannan ƙura kamar yadda biron nan ke jan takarda. Cikin rani matsalar ba ta cika bayyana ba, domin busasshiyar iska tana riƙe caji da kyau. Sai damina ta faɗi, ƙurar ta sha laima, ta zama hanyar da caji ke tsiyayewa. Daga nan sauti ya ragu, ko ɗaya ta fi ɗaya ƙara, ko a fara jin tsartsatsi. Idan tartsatsin wuta ya tsallaka tsakanin faranti da leda, yana iya huda ta. Ƙananan ƙwarin damina da ke kutsawa cikin hujin su ma suna jawo haka.

Masu ƙerawa sun san da wannan. Quad na rufe farantanta da wata ledar kariya, samfuran MartinLogan na baya-baya kuma suna kashe cajin da kansu idan kiɗa ya tsaya. Duk da haka, ga mai son riƙe ta a nan, akwai ƙa'idoji: ɗaki mai silin da tagogi masu rufuwa ruf, mayafi a kanta duk lokacin da ba ta aiki, nesa da hasken rana da hayaƙin turare ko na murhu. Samfuran da farantansu ke buɗe ana share su da na'urar zuƙe ƙura, bayan an cire su daga wuta na sa'o'i da dama domin caji ya sauka. Ba a buɗe cikinta da sunan dubawa, kuma ba a barin yara su cusa mata tsinke.

Maganar wuta

Ba kamar lasifikar gargajiya ba, ita dole a jona ta da wutar gida. Abin da take ci kaɗan ne, amma amfilifayar da za ta tuƙa ta sai mai ƙarfi, domin a siraran amo tana jan wuta sosai, ƙaramar amfilifaya kan yi zafi ta mutu.

Jihohin Damagaram da Maraɗi sun daɗe suna dogaro da layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. An ga illar hakan lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ba ta mayar ba sai Maris 2024. Ko a lokacin lafiya, hawa da saukar wutar NIGELEC cikin bazara na bukatar na'urar daidaita wuta. Wanda ke kan sola ya nemi inbata mai ba da wuta sumul irin ta layi, domin masu araha kan sa taransifoma guɗa da zafi. A kuma duba bayan na'urar: wadda aka yi wa kasuwar Amurka bolt 120 take so, tamu kuwa 220 ce.

Idan ta lalace

Mai gyaran rediyo a Matamaye, Damagaram ko kasuwar Sabon Gari a Kano zai iya sake naɗin lasifikar gargajiya cikin yini guda. Ledar elektrostatik sai an samo irinta, da sinadarin da ake shafa mata, a kuma ja ta daidai gwargwado. Sau da yawa mafita ita ce a sayo sabon faranti daga waje. Saboda haka ta gwanjo mai araha tana iya zama mafi tsada. Kada a biya sai an jona ta, an saurari kowace ɗaya ita kaɗai, an kasa kunne ko akwai tsartsatsi.

Ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa mai keɓaɓɓen ɗaki, da tsayayyar wuta, da haƙurin rufewa da sharewa, za ta biya shi da sautin da ba kasafai ake ji ba. Ga mafi yawan gidaje a Yauri kuwa, ƙananan lasifikoki biyu masu kyau na cikin akwati, da amfilifaya madaidaiciya, da waƙoƙin da aka naɗa da kyau, za su ba da mafi yawan wannan daɗi a kan kaso kaɗan na kuɗin, kuma tsumma ɗaya ya isa share su bayan hazo.