Ina Dodon Yake a Cikin Kumbon Tulpar?

Ga kacici-kacici, mai karatu. Mutum biyar ne a cikin kumbon dakon kaya, can tsakiyar sararin samaniya, babu mai shiga babu mai fita. Ba aljani a ciki, ba maye, ba wata halitta da ta lallaɓo daga wata duniyar. Amma wanda ya zauna ya buga gem ɗin nan na awa biyu zuwa uku, sai ya tashi jiki a sanyaye, abinci ma ya fita masa a rai. To me ya firgita shi?

Sunan wasan Mouthwashing. Wani ƙaramin kamfani na ƙasar Suwidin, Wrong Organ, shi ya ƙera shi, aka sake shi a watan Satumba na 2024. Tun yanzu in faɗa maka, tona asirin labarin zan yi kaf. In kana da niyyar bugawa, ajiye wannan takarda ka je ka dawo. In ka zauna kuwa, to ka zama abokin bincikena.

Masu ƙera wasannin ban tsoro suna da tsohuwar dabara: a ba ɗan wasa jarumin da zai so, sannan a jefa jarumin cikin duhu. Tun Resident Evil na 1996 haka ake yi. Kana lallaɓawa da Jill Valentine a cikin wani katafaren gida, gabanka na faɗuwa saboda ba ka so wani abu ya same ta. Jimmy kuwa, wanda kake riƙe da shi a mafi yawan Mouthwashing, mutum ne mai baƙin rai. Ga gatsali, ga gori, ga hassada. In ya buɗe baki sai ya ci wa wani fuska. Bisa lissafi, wasan ya kamata ya mutu murus, don in ba ka ƙaunar mutum ina ruwanka da dodo ya cinye shi? Sai ma ka ce Allah ya ƙara. Amma lissafin bai fita ba. Tsoron ya ninka. Akwai mai laifi a wani wuri, kuma sai mun kamo shi.

Wanda na fara tuhuma shi ne yanayin wurin. Kumbon, Tulpar, ya yi karo da wani ƙaton dutse. Kumfar gaggawa ta toshe ɗakuna da hanyoyi, ta daskare. Hoton wasan da gangan aka yi shi dishi-dishi, fuskoki masu kusurwa, irin na zamanin PlayStation ta farko. Ba a jin muryar kowa, magana duk a rubuce take fitowa. Wani lokaci allon ya tsaya cak kamar kwamfutarka ce ta lalace, sai ka tsinci kanka a wata ranar daban, ko kafin hatsarin ko watanni bayansa. Lallai wannan yana tayar da tsikar jiki. Sai dai wasanni masu irin wannan hoto sun cika kasuwa, kuma yawancinsu kana kashe kwamfuta ka manta da su. Duhu ya taimaka, amma ɗan rakiya ne. Na sallame shi.

Na biyu, dodo. E, akwai wani abu mai kama da dodo. Kamfanin da ya mallaki kumbon, Pony Express, yana da wani doki na talla mai suna Polle, hotonsa ko'ina yana murmushi. Can gaba dokin nan yana rikiɗa ya zama abin ƙyama, har akwai wurin da za ka riƙa sanɗa kada ya ji motsinka. Amma ka lura da lokacin da yake fitowa. Ba ya taɓa kowa a cikin ma'aikatan. Babu wanda ya gan shi sai mutum ɗaya. Riƙe wannan a aljihu, za mu buƙace shi.

Na uku ya fi ƙarfi, kuma nan mutane da yawa suke tsayawa. Kyaftin Curly. Bayan hatsarin yana kwance a ɗakin magani, wuta ta cinye fatarsa, ba tafin hannu ba tafin ƙafa, an naɗe shi da bandeji, ido ɗaya ne a waje yana bin ka da kallo. Ba ya iya magana. Kuma kowa a kumbon ya yarda shi ne ya haukace ya kai su ga dutsen. Ga mummunar siffa, ga laifi a wuyansa. Me ya rage? An kama ɓarawo, a tashi kotu.

Dakata tukuna.

Curly yana buƙatar ƙwayar rage raɗaɗi. Anya, ma'aikaciyar jinya, ta ce ba za ta iya ba shi ba, zuciyarta tashi take yi. Sai aikin ya faɗo kan Jimmy, wato kanka. Ka ɗauko ƙwayar. Ka matsa kusa da gadon. Kai za ka buɗe masa baki. Sai allo ya yi baƙi ƙirin, ba ka ganin komai, sai sauti kawai: kakari, shaƙewa, kukan mutumin da ba shi da hannun da zai kare kansa. A wannan ɗaki akwai mai ban tsoro, akwai mai jin tsoro. Wanne ne a kwance, wanne ne a tsaye?

Kafin mu amsa, akwai na huɗu, kuma ba zan sallame shi da wuri ba. Kamfanin. Da abinci ya fara ƙarewa, ma'aikatan suka buɗe rumbun kaya suna fatan samun abin da zai cece su. Me suka tarar? Kwalabe. Kwali kan kwali, duk ruwan kurkure baki. A kan wannan suka baro gida, a kan wannan za su mutu. Swansea, bakaniken kumbon, dattijon da ya yi shekaru da barin giya, ya gano akwai barasa a ciki, ya koma ruwa. Kuma tun kafin hatsarin saƙo ya zo cewa kamfanin ya durƙushe, ana sauka za a sallami kowa. A wurin ɗan bikin zagayowar ranar haihuwarsa Curly ya faɗa musu, ga kek a kan tebur. Kamfanin nan yana da laifi, ba shakka. Akwai wurin da Anya take tambayar Curly, me ya sa ɗakin magani yake da makulli amma ɗakunan kwana ba su da shi? A karon farko za ka ɗauka ƙorafi ne kan rowar kamfani. Amma mace ɗaya tilo cikin maza huɗu, me zai sa ta damu da makullin ɗakin kwana? Kamfani bai sa makulli ba, gaskiya ne. To wa ya tura ƙofar?

Yanzu mu koma farkon wasan, minti biyar na farko, wanda kowa yake wucewa da sauri.

Kana zaune a ɗakin tuƙi. Na'ura ta yi gargaɗi, ga dutse a gaba, ta nuna gefen da za a kauce. Wasan bai ba ka damar kaucewa ba. Ka karkata sitiyari zuwa ɗaya gefen. Na'urar tuƙi ta gyara hanya da kanta. Ka tashi. Ka ɗauko makulli. Ka kashe ta. Ka sake karkatawa.

Ba ka ga fuskar mai yin wannan ba, don ta cikin idonsa kake kallo. Daga baya aka ce maka kyaftin ne. Wa ya ce?

Jimmy.

Wa ya zama kyaftin bayan hatsarin?

Jimmy.

Wa kaɗai yake ganin dokin?

Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Jimmy ne ya kai kumbon ga dutse. Curly ya ƙone ne saboda ya ruga ɗakin tuƙi don ya ceci kumbon. Anya tana da juna biyu, kuma duk da wasan bai nuna ba, bai kuma kira abin da sunansa ba, ya jera alamu har ba sauran shakka cewa fyaɗe Jimmy ya yi mata. Ya ga in aka sauka babu aiki, ga kuma abin da zai amsa. Sai ya zaɓi kowa ya mutu. Da mutuwar ta ƙi zuwa, ya ɗora laifin a kan mutumin da ba shi da bakin musu, ya karɓi kujerarsa, ya shiga cika baki cewa shi zai gyara komai. Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta.

To ga amsar kacici-kacicinmu. Tsoron bai ɓace ba don ka ƙi jarumin. Wuri ya sauya. A sauran wasanni kana jin tsoron abin da zai sami wanda kake riƙe da shi. A nan kana jin tsoron abin da wanda kake riƙe da shi zai yi wa sauran. Kuma ba za ka iya gudu ba, don duk inda ka juya da shi ka juya. In ka ga Anya ta ƙanƙame jikinta tana magana ƙasa-ƙasa, kai take tsoro. Ƙafafun da suke tunkarar ta, yatsanka ne yake tura su.

Dubi abin da ya sami Daisuke. Yaro ne ɗan koyon aiki, mai fara'a, burinsa kawai a ce ya yi abin kirki. Anya ta kulle kanta a ɗakin magani tare da Curly. Hanyar shiga ɗaya ce, wani bututun iska da ya lalace, wanda Swansea ya hana kowa kusanta. Sai Jimmy ya haɗa wa Swansea abin sha mai bugarwa don ya kawar da shi. Kai za ka nemo kayan haɗin, kai za ka zuba, kai za ka miƙa. Sannan ya shiga yi wa yaron daɗin baki, yana zuga shi. Kana karanta maganganun kana cewa a ranka, kada ka shiga, yaro, kada ka shiga. Kuma kai ne kake danna maɓallin da zai fito da jimla ta gaba. Daisuke ya shiga. Ya fito a ragargaje. Anya kuma, da aka buɗe ƙofar, ta riga ta rasu. Babu dodon da ya yi ihu a wannan wuri, babu abin da ya faɗo daga rufi. Ban san wani fage a wasannin ban tsoro na 'yan shekarun nan da ya fi shi nauyi ba.

Mun saba da mugun jarumi tun a tatsuniya. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, mai cin amanar aboki, amma dariya muke yi masa, saboda muna zaune a gefe ana ba mu labari. Gem ba ya barin ka a gefe. In ka cire hannu, labari ya tsaya. In kana son ka san ƙarshe, sai ka ba Jimmy aron yatsunka.

Sannan baƙin halin nasa yana shiga cikin bangon kumbon kansa. Tunda ta idonsa kake gani, duk abin da ya ƙi kallo kai ma an ɓoye maka. Hanyoyin da suke miƙewa ba iyaka, idanun da suke tsirowa a bango, dokin nan, duk daga cikin kansa suke fitowa. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, ko a cikin ruɗewar tasa Curly yake ta gani, da Curly yake ta gardama. Anya da ƙyar take samun wuri a cikin nadamarsa. Wanda ya tsara wannan ya san mugun mutum ciki da waje.

Shi ma Curly bai fita fes ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Anya ta kai masa kuka, shi kuma ya tsaya lallashin tsohon abokinsa Jimmy. Akwai wani dare da suke kallon babban allon falo, mai nuna hoton sararin sama na ƙarya. Ta ce masa akwai ɗigo ɗaya da ya mutu a jikin allon. Ya duba, ya ce shi bai gani ba, ya saba kallon hoton gaba ɗaya. Wasan yana ba ka Curly ka riƙe a wasu wurare, kuma a nan ne kawai kake ganin fuskar Jimmy daga waje, yana tsaye kamar kowa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A Silent Hill 2 na kamfanin Konami, 2001, James Sunderland ya je wani gari mai hazo neman matarsa Mary, ashe shi ya kashe ta da matashin kai tana jinya. A Amnesia: The Dark Descent na 2010, Daniel ya shafe tunaninsa da kansa don ya manta mutanen da ya azabtar. Amma waɗannan biyun an ba su mantuwa ta zame musu mayafi. Kana tausayinsu awanni da yawa kafin gaskiya ta fito, kuma ko ta fito akwai sauran tausayi. Jimmy bai manta komai ba. Ya sani tun daga minti na farko. Kai ne kaɗai ba ka sani ba.

Kada kuma wani ya ɗauka duk jarumi mai ban haushi zai yi wannan aiki. Akwai wasannin da jaruminsu surutu ne kawai da raini, shi kaɗai a cikin duhu, ba kowa kusa da shi da za ka ji wa tsoro. Irin wannan yana kashe wasa, don da dodo ya fito sai ka ji kana goyon bayan dodo. Abin da ya ceci Mouthwashing shi ne mutum huɗun da aka ajiye a gefen Jimmy, aka ba ka lokaci ka saba da su: zolayar Daisuke, masifar Swansea wadda ƙauna ce a ɓoye, haƙurin Anya. Cire su, Jimmy ya zama ɗan iska kawai a cikin kumbo mai duhu. Ba kuma zan ce wasan ba shi da aibi ba. Wuraren ɓuya da guje-guje na kusa da ƙarshe sun fi komai rauni, kamar masu ƙera shi sun ji tsoron a ce ba su sa dodo ba, alhali tun farko sun damƙa mana shi a hannu.

Hukuncina shi ne mai laifi Jimmy ne, kamfani da Curly masu taya shi, duhu da doki kuwa shaidu ne kawai. In za ka buga, ka sani akwai fyaɗe, kisan kai da azabtarwa a cikin labarin. Ba na yara ba ne, kada ka bar wa ƙanenka shi a kwamfuta.