Jakar Tsohonmu: Abin da Za Mu Haɗa Masa Idan Jinya Ta Raba Shi da Gida

A al'adarmu tsoho a ɗakinsa yake tsufa, jikoki na shige da fice, 'ya'ya na zuwa gaisuwa safe da yamma. Shi ya sa ranar da likita ya ce Baba ko Inna na buƙatar kulawar ma'aikatan jinya dare da rana, saboda shanyewar ɓarin jiki ko cutar mantuwa da ta yi nisa, sai zuciya ta ɗauki nauyi biyu, na ciwon da na abin da mutane za su ce. 'Yan'uwanmu mazauna Ingila da Amurka sun fi mu sanin wannan rana, domin a can gidajen kula da tsofaffi suna da yawa. A nan gida ma mukan kai namu asibiti su shafe watanni.

Idan larura ce ta tilasta, kai tsoho inda zai sami kulawar da ta fi ƙarfinmu bai saɓa wa biyayyar iyaye ba. Aya ta 23 da ta 24 a Suratul Isra'i sun ambaci lokacin tsufa musamman, suka hana ko da ƙaramar kalmar ƙosawa, suka umarce mu da tausasawa. Wannan tausasawa tana farawa ne tun daga yadda muka haɗa jakarsa.

Da farko mu tuna cewa kayan nasa ne. Muddin yana da rai, rigunansa da littattafansa da filinsa ba gado ba ne, kuma ba ya halatta mu rabar da su don ɗaki ya zama fili. Mu zauna gabansa mu tambaye shi: "Baba, wanne za a ɗauka, wanne za a ajiye?" Abin da ya rage a rubuta shi, a kulle, a danƙa wa amintacce.

Sai kayan ibada, domin salla ba ta faɗuwa a kan mara lafiya matuƙar hankalinsa na nan. Hadisin Imrana ɗan Husaini da Buhari ya ruwaito ya nuna cewa wanda ya kasa tsayuwa zai yi a zaune, wanda ya kasa zama zai yi a kishingiɗe. Mu sa masa dardumarsa da carbinsa da butarsa. Mu haɗa da dutse mai tsarki na taimama, tunda a mazhabar Malikiyya ya halatta a yi ta da dutse, kuma aya ta 6 a Suratul Ma'ida ta yi wa mara lafiya wannan sauƙi. Alƙur'anin da za mu ɗauka ya zama mai manyan baƙaƙe, kuma irin wanda ya saba da shi. Dattijon da ya yi karatun allo da Warshu zai sha wahala idan aka miƙa masa bugun Hafsu. Ranar da aka isa, mu gano alƙibla mu liƙa alama a bango, mu roƙi a daidaita gadon yadda juya shi zai yi sauƙi. Ƙaramar rediyo ko waya mai karatun da yake so za ta ɗebe masa kewa.

Tufafi kuwa a zaɓi masu faɗi da sauƙin sawa, waɗanda ke rufe al'aura ko ana ɗaga shi: jallabiya da hula ga namiji, zane da ɗankwali da mayafi ga mace. A rubuta sunansa a jikin kowanne, domin wanki a irin waɗannan wurare a haɗe ake yin sa. Takalmi ya zama mara santsi, saboda faɗuwa na cikin manyan haɗurran tsofaffi. Kada a manta da tabarau da sandarsa da haƙoran roba da asawaki da turaren da ya saba shafawa ranar Juma'a.

Magunguna su tafi cikin kwalayensu na asali, tare da takarda mai ɗauke da sunan kowanne da lokacin shansa da abin da jikinsa ba ya karɓa. Idan yana shan na gargajiya, mu faɗa wa likita gaskiya. A wata takardar mu rubuta wa masu kula da shi, cikin harshen da suke ji, cewa abincinsa halal ne, mace ce za ta yi wa Inna wanka idan da hali, kuma ga lokutan salla.

Akwai maganar da muke jin nauyinta, alhali Sunna ta riga ta buɗe mana ƙofa. Hadisin Ibnu Umar a Buhari da Muslim ya kwaɗaitar da mai abin wasiyya kada ya kwana biyu ba ta a rubuce. Tun hankalinsa na tare da shi, mu taimaka masa ya bayyana bashin da ake bin sa da wanda yake bi da amanar da ke hannunsa, mu tuna masa cewa wasiyya ba ta wuce sulusi. Mu bar lambar wanda za a kira ko tsakar dare ne, da bayanin cewa idan ta Allah ta kasance, Musulmi ne za su yi wanka da sutura.

Bayan duk wannan, akwai abin da jaka ba ta ɗauka. Tun kafin a fita, 'ya'ya su raba ranakun ziyara a tsakaninsu, a riƙa kai jikoki, a kai masa tuwon gida idan likita ya yarda. Ko mantuwa ta kai shi ga kasa gane fuskokinmu, Shari'a ta ɗauke masa alƙalami, amma mu haƙƙinsa na nan a wuyanmu. Mu zauna kusa da shi, mu riƙe hannunsa, mu karanta masa surar da ya koya mana muna yara.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.