Maƙera a Cikin Ganyen Dawa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar maƙera a Isa ko Sabon Birni ya san gawayi shi kaɗai ba ya sa ƙarfe ya yi ja. Ga yaro a gefe, hannu biyu kan zugazugi, ya danna wannan ya ɗaga wancan, iska na faɗawa tsakiyar garwashi. Ga yayansa gaban uwar maƙera, masaba a dama, awartaki a hagu. Uba ɗaya ya haife su, sana'a ɗaya suka gada, amma tsohon ne ya ce wane zuga, wane ƙira.

Haka ganyen dawa ke aiki, haka na gero da maiwa da masara da rake. Tsinko na dawa ka ɗaga shi ga rana, za ka ga jijiyoyi jere kusa da kusa. A madubin bincike, kowace jijiya tana da zoben manyan ƙwayoyi kore shar kewaye da ita, bayansu kuma wani zoben. Na waje su ne masu zuga: su kamo iskar kabon, su ɗaure ta cikin wani sinadari mai kabon huɗu, su tura ciki. Na ciki su ne maƙeran, wurinsu Rubisko yake, sinadarin da ke soma aikin mayar da iskar nan sukari. Masana na kiran tsarin C4, kuma Hatch da Slack ne suka fayyace shi a Ostireliya a 1966, a jikin rake.

Rubisko na da aibi guda: in rana ta ƙwalle sai ya riƙa cafko oksijin maimakon kabon, wahala ta tafi a banza. Shinkafa da alkama da wake ba su da mai zuga, kowace ƙwaya da iskar da ta samu take ƙira, don haka dole ganye ya bar ƙofofinsa buɗe, ruwa na fita. Dawa da gero kuwa da kimanin rabin ruwan suke haɗa abinci daidai da wancan. Yana cikin dalilan da suka sa shinkafa ta maƙale wa fadamun Rima da Bunsuru, gero kuwa ya tsaya kan jigawa yana jure fashin ruwa.

To, wa ke raba aikin? Mai zuga da maƙerin ganye kundin gado ɗaya suke ɗauke da shi, DNA ɗinsu bai bambanta ba. Ashe akwai ƙwayoyin gado masu ba da umarni, su buɗe wannan su rufe wancan. A 2012 masana a Jami'ar Cornell ta Amurka suka gano cewa in aka lalata wanda ake kira SCARECROW a masara, zoben nan sai ya hargitse. Da can a saiwa aka san aikinsa. A 2017 ƙungiyar Jane Langdale ta Oxford ta sa na masara mai suna GLK cikin shinkafa, sai ƙwayoyin gefen jijiya, waɗanda a da ba su cika aiki da haske ba, suka ƙara kore.

Binciken da ya fi kama ni shi ne na Nuwamba 2024 a mujallar Nature. Masanan Cambridge da na Cibiyar Salk sun bi ganyen shinkafa da na dawa ƙwaya-ƙwaya, suka tarar masu umarnin da ake kira DOF suna nan a duka biyun. Bambancin shi ne, a dawa, ƙwayoyin gadon aikin haske na ɗauke da alamar da DOF ke ganewa. Wato gidan shinkafa ma na da tsoho da 'ya'ya, rabon aikin ne ba a yi ba. Ba mamaki tsarin C4 ya ɓullo sau fiye da 60 a tsirrai daban-daban.

Tun 2008 aka kafa shirin koya wa shinkafa wannan dabara a cibiyar IRRI ta Filifin, da fatan amfani ya ƙaru da kusan rabi. Har yau bai iso gonar manomi ba. Ina yi masa fatan alheri, amma raina na sosuwa: duniya na kashe kuɗi don shinkafa ta koyi abin da geronmu ya iya, mu kuma muna yi masa kallon abincin talaka. Ga rashin tsaro ya raba manoman Gobir da yawa da gonakinsu, kuma gidan da ya yi damuna biyu bai shuka ba, irin da ya ajiye tukunya yake shiga.

Malaman noma na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ma'aikatan cibiyar bincike ta ICRISAT a Kano, don Allah ku nemi manoman Isa da Sabon Birni, har waɗanda ke gudun hijira, ku karɓi irin gero da maiwa da dawarsu ku adana tun yana hannu.