Hannun jarin Japaul ya raba kan masu shi a Gaya da Ajingi

Tarihi ya nuna neman tama ne ya kai maƙeran Gaya Dutsen Dala. Yau kuma akwai malaman makaranta da 'yan fansho a Gaya da Ajingi da ke da rabo a harkar ma'adinai ba su taɓa riƙe diga ba.

Sun sayi hannun jarin Japaul a 2007, lokacin da bankuna ke tallar jari kamar ƙosai. Aikin kamfanin a lokacin hidimar jiragen ruwa ce ga kamfanonin mai. Kasuwa ta rushe a 2008, farashin ya yi ta zamewa har ƙasa da naira ɗaya. A 2020 ya koma Japaul Gold & Ventures, ya ce ya juya ga haƙar zinare.

Masu cewa a ci gaba da riƙewa na kwatanta shi da gero: wanda ya saya da kaka ba ya sayarwa sai damina. Ɗaya ɓangaren na cewa gero ana ganinsa a rumbu, kuma da maraƙi aka saya, da an juya kuɗin sau da yawa. Hujjarsu ta fi nauyi, domin nairar 2007 ba ita ce ta yau ba.

Sai dai ko mai son sayarwa ba zai iya da takardar da ke akwati ba, sai dillali ya shigar da ita asusun CSCS, sunan kuma ya dace da na BVN. Inda mai takardar ya rasu, magada sai sun fara da kotu.